Magagari a Cikin Kwamfutar Kamalu

Gara in faɗa tun daga farko, kada mai karatu ya saki jiki: akwai ɓarna a cikin labarin nan, kuma hannuna ne ya yi ta. Amma kafin a kai wurin akwai wata biyar masu daɗi, su ne ma na fi son tunawa.

Sunana Bamalli. Gyaran keken ɗinki nake yi a wani ɗan shago a Kurmin Sarki, nan Suleja, sana'ar da na koya wajen kawuna tun ina ɗan shekara goma sha uku. Karatuna bai wuce firamare ba. 'Ya'yana huɗu, uku mata, sai Kamaluddeen da muke kira Kamalu. A shekarar 1997 ya gama sakandare ya zauna jiran jami'a, jami'a kuwa ba ta kira shi ba.

Zaman nan ne ya haɗa shi da Sebastine, wanda ke haya a ɗakin da ke manne da shagona. Sebastine ma'aikaci ne a wani ofis a Abuja, shi ke gyara musu kwamfutoci. Da sassafe yake hawa bas, ba ya dawowa sai bayan magariba, amma ranar Asabar yakan buɗe ƙofa ya baje kayan gyara a kan tebur. Kamalu ya fara da leƙe, ya koma miƙa masa sukundireba, daga nan sai ya zama ba a ganinsa a gida ranar Asabar. Wata rana na shiga kiransa cin abinci na tarar da su biyun a gaban allo, wata jar mota tana gudu a kan titi, Kamalu yana karkata jiki kamar shi ne a cikinta. Kwamfutar ta wani babban ma'aikaci ce da aka kawo gyara, ranar Litinin za a mayar masa. Sau biyu na yi sallama ba wanda ya ji.

Ba a yi sati biyu ba matata Hajjo ta kawo mini maganar. Wai yayan Sebastine, wani Cletus, yana da shagon kayan kwamfuta a Ikeja, yana neman wanda zai koyi sana'a wajensa shekara huɗu. Zai zo hutun Ista, in zai koma sai ya tafi da wanda aka samu. Kamalu yana so.

Hajjo takan ce ni mutum ne da in an aiki yaro sayen gishiri sai in fara tunanin asibiti. Ban musa ba. Legas ban taɓa zuwa ba, abin da nake ji a rediyo kawai na sani, kuma namijin ɗaya ne. Kwana uku ina ɓata aikin mutane kafin na kira Kamalu shago na tambaye shi me zai sa ya zauna. Bai yi dogon tunani ba. Ya ce in yana da kwamfuta tasa ta kansa, wadda za ta ɗauki wasa, zai ajiye ta a barandar shagon, yara su riƙa biya suna bugawa, ya riƙa buga wa mutane takardu, ya jira jami'a a nan. Na ce in ta tashi kafin Ista zai zauna? Ya ce zai zauna. Na ce in ba ta tashi ba fa, ba zan hana shi tafiya ba. Da bakina na faɗi haka, don a lokacin ban ga abin da zai hana ta tashi ba.

Sabuwa cikakkiya ta fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Na sayar da wani tsohon kan keke baƙi da kawuna ya bar mini, Hajjo ta ƙara da abin da ta ƙara, duk da haka Sebastine ya ce bai kai rabi ba. Amma ya ce ana iya haɗa ta gutsure-gutsure, yadda nake haɗa keke ɗaya daga matattu uku. Wannan maganar na gane ta.

Muka zauna a bencin shago mu uku da takarda da biro. Sebastine ya ce abu uku ne za su ci kuɗin: babban farantin da komai ke hawa kansa, wanda suke kira bod, tare da ƙwaƙwalwarsa, sai memori, sai katin hoto, wanda shi ne ke sa mota ta yi gudu a allo ba tare da ta riƙa tsayawa ba. Saura duk tsince za a yi. Ni na so a sayi akwati sabo fari, don in an ajiye a baranda mutane su san abu ne na kirki. Kamalu ya ce ba wanda zai biya kuɗi ya kalli akwati. Shi kuma ya so katin sauti, aka yi ta juya takarda, wuri bai samu ba. Ƙarshe da kansa ya ja layi a kai, ya ce mota za ta yi gudu ko ba ta yi ƙara ba.

Sebastine ya ce, "Ba damuwa. Baba Kamalu yana kusa, in yara suna tsere sai ya riƙa taka keken ɗinki, ga ƙarar inji nan kyauta."

Kamalu ya yi dariya har biro ya faɗi. Rabon da in ji ya yi irin wannan dariyar a gabana tun yana firamare.

Daga nan muka shiga yawo. Akwatin a gwanjon tsofaffin kayan ofis muka same shi a Abuja, da lambar gwamnati a jikinsa da jan fenti, cikinsa cike da kashin ɓera. Ni na wanke shi da kananzir. Allon kuwa wata Madam Bose ce a Sabon Wuse za ta rufe shagon buga takardu ta bi mijinta Kaduna, Sebastine ya ji labari a bas. Muka tafi ni da Kamalu ranar Lahadi. Matar ta tsaya sai da ta kunna shi muka ga launi da idonmu, sannan ta rage mana wani abu don ta ce yaron ya yi kama da ƙanenta. Muka naɗe shi da zanen Hajjo, Kamalu ya rungume shi a cinya a cikin tasi, duk ramin da muka faɗa sai ya ɗaga shi sama kamar mai ɗauke da jariri. A hanyar ne ya ba ni labarin wani malaminsu da ya taɓa marinsa a aji uku, abin da bai taɓa faɗa wa kowa a gida ba. Muka sauka a bakin titi muka sayi rake muka sha a tsaye, allo a tsakanin ƙafafunmu. Ban san yaushe rabon da mu yi tafiya mu biyu kaɗai ba kafin wannan ranar.

Kibod, wanda ake danna baƙaƙe a kansa, kyauta aka ba mu, amma haƙori ɗaya ya fita. Na samo maɓallin kwat, na goge shi da magagari har ya yi daidai da ramin, na manna. Ya zauna ɗas. Fankar da ke bayan akwatin tana kuka, na cire ta na ɗiga mata man keke, ta yi shiru. Sebastine ya riƙa nuna wa abokansa maɓallin yana cewa Baba Kamalu injiniya ne, takarda ce kawai ba shi da ita. Maganar ta yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

Azumi ya zo ya wuce muna tarawa. Memori guda biyu, kowanne bai fi tsawon yatsa ba, a cikin ambulan Kamalu ya ajiye su ƙarƙashin matashin kai. Faifan ajiya tsoho ne daga wajen Sebastine. Bod ɗin, wanda shi ya cinye mafi yawan kuɗin, Cletus ne ya aiko da shi daga Legas ta hannun direban babbar mota a watan Fabrairu, cikin wata leda mai ƙyalli. Kamalu bai yarda kowa ya taɓa shi ba. Shi kansa sai ya shafa ƙarfen taga kafin ya ɗauka, wai akwai wuta a jikin mutum da ke kashe irin waɗannan abubuwa. Ƙannensa mata suka mayar da abin wasa, duk wadda za ta shiga ɗaki sai ta shafa taga tana kallonsa.

A farkon Maris komai ya hau, saura katin hoto. Sebastine ya aro na ofishinsu na kwana biyu don a gwada. Ranar Asabar da hantsi aka kunna, fanka ta juya, rubutu ya fito fari a kan baƙi, can sai ga jar motar nan. Ba sauti, amma ga ta tana gudu. Hajjo ta bar tukunya a wuta ta zo, 'yan mata suka cika ƙofa. Kamalu ya tashi daga kujera ya ce in zauna, ya ɗora yatsuna a kan maɓallan. Ban yi daƙiƙa goma ba na kai wa katanga karo. Hajjo ta ce ai shi ya sa ban taɓa sayen mota ba, Allah ya san abin da yake yi. Ranar Litinin aka mayar da katin.

Duk farkon wata nakan je Kaduna sayo kayan keke, kuma a can Sebastine ya san shagon da ke da katin a farashin da za mu iya. Kamalu ya so ya bi ni, amma kuɗin motar mutum biyu zai taɓa kuɗin katin. Sai ya rubuta sunan da lambobin a takarda da manyan baƙaƙe, ya ninke ya sa mini a aljihu.

"Baba, abin da ke takardar nan kawai. Ko mai shago ya ce akwai wanda ya fi shi, wannan ɗin."

Na ce masa tun ba a haife shi ba nake sayayya a Kaduna.

Ranar Juma'a na tafi. Na gama da kayana, na nemi shagon na samu. Mai shagon saurayi ne, ya karanta takardar ya ɗauko wani ɗan kati ya ajiye a gabana. Na ɗauka na ji kamar biskit. Bai kai tafin hannuna ba. A sana'armu abu na farko da ake koya wa yaro shi ne ya auna kaya a hannu. Ƙoshiyar keke mai nauyi ita ce ta asali, mara nauyi wata uku take yi ta cinye zare. Shekara talatin ke nan wannan awon bai taɓa ba ni kunya ba. To, a cikin wani kwali kusa da ƙafata sai na hango wani kati dogo, ya kusa kai kamu ɗaya, baƙaƙen ƙwayoyi jere a jikinsa kamar gonar da aka yi wa shuka da igiya. Na ɗaga shi na ji nauyi. Na tambaya, ya ce shi ma katin hoto ne, amma na tsofaffin injuna, ba shi aka rubuta mini ba.

Na yi murmushi. Na sha jin irin wannan wajen 'yan kasuwa, kowa abin da ya fi masa riba yake tura maka. Da ya faɗi kuɗin dogon kuma, sai na ga ragowar za ta isa wani tsohon katin sauti da ke cikin kwalin. Na tuna layin da Kamalu ya ja a takarda. Na ga kaina ina shiga gida da abu biyu maimakon ɗaya. Saurayin nan bai cuce ni ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Sau biyu ya ce mini ba zai shiga ba. Da ya ga na nace ya ce to, in bai shiga ba in dawo da shi yadda yake, zai canza mini.

Na kwana wajen wani ɗan'uwana, na iso Suleja ranar Asabar da azahar. Gida ba kowa, Hajjo da yaran sun tafi Izom sunan ƙanwarta, sai la'asar za su dawo. Ƙofar Sebastine a kulle, suna shirin Ista a coci. Na ci abincin da aka rufe mini, na yi salla, na zauna ina kallon akwatin. Ya kamata in jira. Amma na so yaron ya shigo ya tarar da jar motarsa tana gudu har da ƙara.

Na kwance murfin. Na ma shafa ƙarfen taga. A jikin bod akwai ramuka gajeru farare da dogaye baƙaƙe. Na ga inda Sebastine ya sa katin aro, a fari ne, amma nawa ko kusa bai dace da shi ba. Na gwada baƙi, gaban katin ya shiga, sai dai wutsiyarsa, wadda ke da wasu ƙananan haƙora masu ruwan zinariya, ta hau kan wasu 'yan gwangwanaye da ke tsaye a kan bod ta hana shi zama. Abin da ya rage bai fi faɗin farce ba.

Na tuna maganar mai shago, ba zan ce na manta ba. Amma Kaduna ba nan kusa ba ce, Ista saura kwana takwas, kuma a wajenmu kayan da ya ƙi shiga da faɗin farce ba a mayar da shi. Magagari ake sa masa. Kusan duk keken da ke ɗinki a Kurmin Sarki akwai abin da na goge a cikinsa.

Na ɗauko ƙaramin magagarina. Na ɗora katin a benci na goge wutsiyar, na gwada, na sake gogewa. A karo na uku saura ƙiris, sai na ji ƙyuyar sake cirewa, na sa magagari na ɗan taɓa shi yana nan a cikin akwatin. Na hure garin da baki. Katin ya zauna. Na ɗaure shi da kusa, na ja baya na kalle shi, wallahi ya yi kyau.

Na yi bisimilla na danna. Fanka ta juya, allo bai ce komai ba. Sai na ji wata 'yar ƙara kamar an fasa ƙwarƙwata, wani siririn hayaƙi ya taso daga tsakiyar bod, ɗakin ya ɗauki warin ƙonanniyar roba. Na fizge wayar daga bango. Na zauna a kan tabarma, ban iya ko mayar da murfin ba.

A haka suka same ni. Kamalu ne ya fara shigowa da ledar cincin ɗin suna a hannu. Ya tsaya a ƙofa yana shaƙar iska, sannan ya ƙaraso ya durƙusa ya leƙa cikin akwatin. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ya shafo garin da ke ƙyalli a kan bod, ya dubi magagarin da ke kan benci.

"Baba, ina takardar da na ba ka?"

Na ciro ta daga aljihu na miƙa masa. Ya buɗe ya karanta rubutun kansa kamar wani ne ya rubuta. Ya ninke ya sa a aljihunsa.

Hajjo ta leƙo tana tambayar me ke ƙauri. Kafin in buɗe baki Kamalu ya ja zane ya rufe akwatin, ya tura magagarin ƙarƙashin benci da ƙafa.

"Wuta aka kawo da ƙarfi, Inna. Ta ƙona bod."

Hajjo ta yi salati ta fara faɗa a kan wutar garin nan da ba ta bar kowa da komai ba. Ni kuma na bar ta a haka. Har yau haka ta sani.

Washegari bayan ya dawo daga coci Sebastine ya zo ya duba. Ya ɗaga katin ya ga inda na goge, na ga bakinsa yana son dariya amma bai yi ba. Ya ce garin ƙarfen ne ya haɗa hanyoyin wuta a kan bod ya kashe shi. Katin kuma ko ban taɓa shi ba ba zai yi aiki a nan ba, wutsiyar da na cinye da magagari ma ta nan yake magana da inji. Memori da faifai sun tsira, allo lafiyarsa ƙalau. Na tambaye shi ko ana gyara bod. Ya girgiza kai. Sai sabo, kuma mu duka mun san yadda aka yi aka sami na farkon.

Bayan ya fita na ce wa Kamalu ya ba ni wata shida, zan sake tarawa. Na ce laifina ne, kada ya ɗora wa uwarsa kewarsa saboda abin da ni na yi. Yana zaune yana mayar da memori cikin ambulan, bai ɗago ba sai da ya gama.

"Ba fushi nake yi ba, Baba. Amma a can Cletus ya ce a kwando ake zuba irin wannan bod ɗin. Ka bar ni in je in koya."

Ni na yi alkawari, ni kuma na karya injin. Ba ni da bakin hana shi.

Cletus ya zo, mutum mai ƙiba mai yawan fara'a. Ya zauna a bencina ya sha lemo, ya faɗa mini inda yaron zai kwana da abin da zai ci, ya ce akwai masallaci a bayan layinsu kuma ba zai hana shi salla ba. Na yi ta jero masa tambayoyi har Hajjo ta taɓa ni da gwiwar hannu. Ranar Talata bayan Ista muka raka su tasha da hantsi. Ni na riƙe jakar har bakin mota. Na yi shirin faɗa masa abubuwa da yawa, abin da ya fito kawai shi ne kada ya sha ruwan da bai san asalinsa ba. Ya ce to.

Yanzu shekarar 1999 ta kusa ƙarewa. Sau ɗaya Kamalu ya zo, da ƙaramar salla, ya yi tsawo, maganarsa ta yi sauri, rabi Hausa rabi Turancin Legas. Ya kawo wa uwarsa atamfa, ni kuma agogo. Sauran labarinsa wajen Sebastine nake ji in ya yi waya da yayansa daga ofis, ya ce Cletus yana yaba hannunsa, har ya fara barin masa shago. Saura shekara biyu da 'yan watanni a sallame shi ya buɗe nasa. Ranar da zai koma na tambaye shi a ina zai buɗe, ya ce sai mun gani.

Ban san ko zai dawo Suleja ya zauna ba. Kuma ban san ko da kwamfutar ta tashi a wancan lokacin zai zauna ɗin da gaske ba, don ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba.